Abin da Aka Faɗa da Faransanci

Saura sati biyar a ɗaura auren Ikilima da Abdulrauf, Hajiya Ummussalma ta yi sallama a gidan ba tare da ta aiko cewa tana tafe ba.

Ana tsuga ruwan nan na Libreville da ke cika kwatocin unguwar Nombakélé har ya malalo cikin zaure, amma ko lemarta ba ta tsaya naɗewa ba. Inna Rahmatu, mahaifiyar Ikilima, ta miƙe da sauri ta shimfiɗa mata darduma tana fara'a.

"Lale da Hajiya! A cikin ruwan nan? Ikilima, zo ga Hajiyarku."

Ikilima ta fito daga ɗaki ta durƙusa har ƙasa ta gaishe da uwar mijin da za ta aura. Kullum Hajiya takan kama hannunta ta ce, "Tashi, amaryar ɗana." Yau a ciki ta amsa gaisuwar, ta kawar da kai.



"Rahmatu, ba zama ya kawo ni ba," in ji Hajiya. "Na zo ne da ƙafata don kada ki ji a bakin wani. Maganar auren nan, a dakatar da ita."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Hajiya, me muka yi?"

"Ba ku yi komai ba. Allah ne shaidata, lokacin da yarinyar nan take kwance na yi mata kuka kamar ni na haife ta. Ni nake dama mata kunu in aika asibiti. Amma Abdulrauf shi kaɗai gare ni. Mahaifinsa ya rasu bai ga jika ba, ni kuma ba zan zauna ina kallo a rufe gidan nan da hannuna ba."

Inna ta dafe ƙirji. "Wane irin rufe gida kuma? Ikilima ta warke. Likita da bakinsa ya ce ciwon ya tafi."

"Ciwon ya tafi, amma da me ya tafi?" Hajiya ta juyo ta dubi Ikilima, idanunta sun yi ja. "'Yarki ba ta da mahaifa, Rahmatu. An cire. Ba za ta taɓa haihuwa ba."

Ikilima ba ta san lokacin da ta miƙe tsaye ba. Ba ta taɓa ɗaga murya a gaban matar nan ba sai yau.

"Hajiya, wallahi ƙarya aka faɗa miki. Ƙari aka cire mini, ƙari kawai. Yaya Abdul yana wurin, ki tambaye shi. Duk wanda ya kawo miki wannan magana, sai Allah Ya saka mini."

Hajiya ta daɗe tana kallonta. Wani abu kamar tausayi ya gilma a fuskarta, sannan ta ɗauki lemarta.

"Ki je asibitin ki tambaya," ta ce, ta fice cikin ruwan.

*

Shekara biyu ke nan da aka gano ciwon daji a ɗaya daga cikin ƙwayayen mahaifar Ikilima. Lokacin tana da shekara ashirin da huɗu, tana taya Inna sayar da atamfa da turaren wuta a wani ɗan shago kusa da kasuwar Mont-Bouët. A Kano ta girma, sai da ta zama budurwa mahaifinta ya ɗauko su, bai kuma daɗe ba ya rasu. Faransancinta na kasuwa ne: nawa ne, rage mini, sai gobe. Na Inna bai ma kai haka ba.

Abdulrauf kuwa a Libreville aka haife shi, ya yi makarantarsu, yana aikin fitar da kaya a tashar jiragen ruwa ta Owendo. Shi ya zame musu ƙafa da baki. Shi ya riƙa kai ta asibitin masu ciwon daji, shi yake magana da likita. Da aka yi mata aiki, aka shiga ƙarin ruwan maganin nan da suke kira shimiyo, gashinta ya zube tas, ta rame har ba ta son madubi, bai fasa zuwa ko rana ɗaya ba. 'Yan matan unguwa har cewa suke yi Allah Ya ba su irinsa.

Hajiya na fita Ikilima ta kira shi a waya.

"Yaya Abdul, ka san abin da Hajiya ta zo ta faɗa?"

Tana jin ƙarar manyan motoci a bayansa.

"Kada ki saurare ta, Ikilima. Ranta ne a ɓace. Ni zan shawo kanta."

"Ba shawo kai nake so ba. Gobe mu je wurin likita ya rubuta mana takarda cewa lafiyata ƙalau, mu kai mata. Shi ke nan an kashe bakin kowa."

"Gobe? Ai ba a ganin likita haka nan. Sai da randebu, ranar da suka sa wa mutum, namu kuma sai wata mai zuwa."

"To mu je mu roƙa."

"Jirgi ya shigo, aiki ya yi mini yawa. Ki yi haƙuri, ki bar komai a hannuna kamar yadda kika saba."

Ta ajiye wayar tana kallonta. A daidai lokacin zafin nan ya taso mata, wanda yake farawa daga ƙirji ya haye wuya ya mamaye fuska, gumi ya jiƙe mata riga sharkaf alhali ana ruwa. Tun bayan aikin take fama da shi, wani lokaci sau goma a yini. Ga ciwon gwiwa da baya kamar tsohuwa, ga saurin fushi da kuka ba dalili. Al'adarta kuwa tun daga ranar ba ta sake gani ba.

Kunya ba ta barin ta faɗa wa saurayi wannan. Inna takan ja shi gefe ta ce, "Ka tambayar mana likita maganar nan ta mata." Duk bayan wata uku su je, likitan mai furfura ya yi magana kansa na kan takarda, Abdulrauf ya juyo ya ce, "Ya ce ragowar magani ce a jiki. Da sannu komai zai dawo."

Wata goma sha takwas ke nan da gama shimiyo tana jiran komai ya dawo.

*

Kwana biyu kacal maganar ta zaga Hausawan gari. Matan da ke zuwa shago sayen turare suka koma zuwa kallonta. Wata ta dafa kafaɗarta ta ce, "Sannu, baiwar Allah," ta tafi ba ta sayi komai ba.

A rana ta uku Alhaji Uwaisu ya zo. Mai manyan shagunan kayan masarufi ne a unguwar Alibandeng, matarsa ta rasu bara ta bar masa 'ya'ya biyar. Ya taɓa neman Ikilima kafin rashin lafiyarta, da ya ji sunan ciwon ya ɓace ɓat. Yanzu ga shi a tsakar gidansu, ya sha babbar riga, ƙamshinsa ya cika ko'ina.

"Inna, na ji abin da ya faru, raina bai yi daɗi ba," ya ce, yana gyara zama. "Shi ya sa na ce bari in zo in rufa asiri. Ni ba haihuwa nake nema ba, Allah Ya ba ni. Mai riƙe mini yara nake so. Kin ga ita ba za ta samu nata ba balle ta nuna musu bambanci. In an duba, wannan lalura tata ni alheri ce a wurina."

Ikilima tana bayan labule. Ta ji kamar an watsa mata tafasasshen ruwa.

Abin da ya fi ƙona mata rai, Inna ba ta kore shi ba. Cewa ta yi, "To Alhaji, mun gode, za mu yi shawara." Da ya tafi ta shigo ɗaki tana share ido da bakin zani.

"Inna, ke ma kin yarda da maganar ke nan?"

"Ban yarda ba, 'yar nan. Amma in ta tabbata fa? Wa zai zo bayan shi? Ni ba dawwama zan yi ba."

"Wato har an gama yi mini kuɗi, an san inda za a ajiye ni."

"Ikilima!"

Washegari da safe ta ɗauki katin asibitinta ta saka a jaka, ta ce wa Inna za ta je sarin turare. Ta tari taksi a bakin titi, karo na farko a rayuwarta ta nufi asibitin ita kaɗai.

*

Sai da ta yi awa uku a kan benci. Matar da ke karɓar kati ta yi mata bayani da sauri har sau biyu, abin da ta iya tsinta kawai shi ne tsohon likitan ya yi ritaya, wata ce a madadinsa.

Da aka kira sunanta ta shiga, ta tarar da wata mace baƙa doguwa mai tabarau, da ɗan ƙaramin gicciye a wuya. Likitar ta gaishe ta da Faransanci, ta jero tambayoyi. Ikilima ta buɗe baki, duk kalmomin da ta haddace a taksi suka gudu. Hawaye ya cika mata ido.

"Wayyo Allah," ta ce a hankali, "yau wa zai ji ni?"

Likitar ta ɗago kai.

"Ni zan ji ki. 'Yar ina ce ke?"

Ikilima ta zuba mata ido, baki buɗe.

"Sunana Dakta Jemima. Babana mutumin Kagoro ne, koyarwa ta kawo shi ƙasar nan. A gidanmu Hausa muke yi. Zauna, ƙanwata, ki sha iska."

Ta jawo dosiyen, wato fayil ɗin da aka tara duk takardun jinyar Ikilima, ta karanta shiru na ɗan lokaci. Sannan ta rufe shi ta ɗora hannu a kai.

"Kafin in ce komai, gaya mini da bakinki. Wane aiki aka yi miki?"

"An cire mini ƙari."

"Sai me?"

"Shi ke nan. Sai shimiyo sau shida."

"Wa ya yi miki bayani?"

"Wanda zan aura. Shi ke jin Faransanci."

Dakta Jemima ta cire tabaraunta ta ajiye. Ta taso daga bayan tebur, ta jawo kujera ta zauna dab da ita har gwiwoyinsu na taɓa juna.

"Akwai magana mai nauyi a cikin takardun nan. Kina so in faɗa miki ke kaɗai, ko mu jira ki zo da wani naki?"

"Ni kaɗai. Na gaji da ji a bakin mutane."

Likitar ta ɗauki biro ta zana mata a farar takarda: ga mahaifa, ga ƙwai na dama, ga na hagu, ga inda ƙarin ya fito. Ta yi magana a hankali, tana tsayawa tana duban fuskarta.

"Ba ƙarin kaɗai aka cire ba, Ikilima. An cire ƙwayayen biyu, an cire mahaifar. Ba za ki iya ɗaukar ciki ba. Ki yi haƙuri. Na so a ce wani abu daban zan faɗa miki."

Ikilima ba ta yi ihu ba. Ta ƙura wa zanen ido har layukan suka narke. Sai ta ji kanta tana tambaya da wata murya da ba ta san ta ba.

"Dole ce ta sa?"

Dakta Jemima ta ajiye biron.

"Kin tambaye ni, ba zan ɓoye miki ba. A nan an rubuta cewa ciwon bai yi nisa ba lokacin, don haka likita ya kawo hanya biyu. Ta farko, a cire ƙwan da ya kamu kawai a bar sauran, ki samu damar haihuwa, amma da fargabar ciwon ya dawo, sai an riƙa sa miki ido sosai. Ta biyu, a cire duka, hankali ya fi kwanciya. An rubuta cewa kin zaɓi ta biyu."

"Ni?"

Likitar ta buɗe dosiyen ta juyo mata da wata takarda. A ƙasa ga sunanta nan, da rubutun hannunta, harafin farko ya karkace.

"Me aka rubuta a saman?"

"An rubuta: an yi wa majinyaciya cikakken bayani ta bakin tafinta, wanda zai aure ta. Ta fahimta, ta amince."

Sai ranar ta dawo mata tar. Tsohon likitan ya fi rabin awa yana magana, yana zane a takarda, fuskarsa na wajen Abdulrauf, ko sau ɗaya bai dube ta ba. Da ya gama Abdulrauf ya juyo ya ce, "Ya ce za su cire ƙarin, ki sa hannu a nan." Har ta yi ƙarfin halin tsokanarsa, ta ce duk wannan dogon zancen fassararsa ke nan? Ya yi murmushi ya ce Faransanci ne da tsawo.

A nan kukan ya ƙwace mata. Ta kifa kai a cinyar matar da ba ta taɓa gani ba sai yau, ta yi ta rusa shi. Dakta Jemima ba ta ce ta yi shiru ba, ba ta kuma dubi agogo ba.

Sai da ta lafa likitar ta ce, "Ki saurare ni da kyau. Ba zan ce miki hanyar da aka bi kuskure ce ba. Gwaje-gwajenki duka masu kyau ne, babu alamar ciwon. Amma ke ya kamata a tambaya. Aikin likita ne ya dube ki, ya nemo wanda ba ruwansa ya fassara, ya ce ki maimaita abin da kika gane. Ba a yi ba. Wannan laifinmu ne, ina ba ki haƙuri a madadin wanda ya zauna a kujerar nan kafin ni."

Ta miƙa mata hankici.

"Yanzu gaya mini, zafi yana taso miki? Gumi? Ciwon gaɓoɓi?"

Ikilima ta ɗago da sauri. "Ya aka yi kika sani?"

"Jikinki ya shiga halin da mata ke shiga a shekara hamsin, rana ɗaya, ba shiri. Ba ragowar magani ba ce, kuma ba haƙuri ne maganinta ba. Za mu duba ƙashinki da jininki, mu ga irin maganin da ya dace da ke. Ana samun sauƙi sosai. A dosiyen nan ban ga inda aka rubuta kin taɓa kawo kukan wannan ba."

"Duk zuwa sai Inna ta ce a tambaya."

"To bai iso nan ba."

Ta rubuta mata ranar dawowa, ta ƙara da lambar wayarta a bayan katin.

"Ki zo da wanda kike so, ko ki zo ke kaɗai. Amma daga yau da ke zan riƙa magana."

*

Ba gida ta nufa ba. Ta shiga taksin Owendo.

A bakin ƙofar tashar, manyan motoci ɗauke da gumagumai sun yi layi, ƙasa ta yi caɓi da ruwan jiya. Ta aika masa saƙo cewa tana waje. Ba a yi minti biyar ba ya fito da gudu cikin rigar aiki, yana waige-waige. Da ya hango ta a ƙarƙashin wata rumfar kwano, ya ga idanunta, ya ga katin asibiti a hannunta, sai tafiyarsa ta sauya.

"Ikilima, me ya kawo ki nan? Wa ya raka ki?"

"Yaya Abdul, fassara na zo ka yi mini. Ranar da na sa hannu, me likita ya ce?"

Ya jingina da ƙarfen rumfar.

"Kin je ke nan."

"Na je. Amma a bakinka nake so in ji. Da Hausa."

Ya rufe fuska da tafin hannu. Da ya buɗe, hawaye ne shaɓe-shaɓe.

"Ya ce hanya biyu ce. Ya ce in aka bar mahaifar, ciwon zai iya dawowa. Na tambaye shi in ya dawo fa? Ya ɗaga kafaɗa. Ikilima, kafaɗa ya ɗaga mini! Na juyo na kalle ki, kin rame, kina murmushi kina jiran in gaya miki. Na san ki. Na san yadda kike da yara, ko na maƙwabta kika gani sai kin ɗauka. Na san in na faɗa miki za ki ce a bar ta, ki mutu ki bar ni. Wallahi ban iya ba."

"Sai ka zaɓar mini."

"Na zaɓi ranki!"

"Ka zaɓi abin da zuciyarka za ta iya ɗauka. To na ji, ranar tsoro ya kama ka. Washegari fa? Bayan wata ɗaya fa? Bayan shekara?"

"Kullum sai in ce yau zan faɗa. In na zo na ga kin fara cin abinci, gashinki ya fara tsirowa, kina dariya, sai in kasa. Na ce bari a ɗaura aure tukuna, ki tabbata ba inda za ni."

"Wato in shiga gidanka ina lissafin wata, ina shan jiƙe-jiƙe, Hajiya na zuba ido, kai kana gefe ka san komai."

Ya kawar da kai.

"Sau shida Inna tana jan ka gefe, tsohuwa tana cire kunya tana roƙonka ka tambayi likita. Ka taɓa tambaya?"

Ya sunkuyar da kai. "In na tambaya, zai yi bayani a gabanki. Na ji tsoron ki tsinci wata kalma."

"To me kake ce masa lokacin da nake ganin bakinka na motsi?"

"Ina ce masa kina godiya. Komai lafiya."

Ikilima ta yi wata dariya mai ɗaci, hawaye na zuba.

"Ina godiya. Shekara biyu ina ƙonewa a tsaye, ina canza riga sau uku a yini, ina zaton ko aljanu ne suka shafe ni, ko haukacewa zan yi. Ashe akwai magani. Ashe tambaya ɗaya ce tsakanina da sauƙi, kai kuma kana can kana cewa ina godiya."

"Ban san akwai magani ba, wallahi ban sani ba."

"Ina za ka sani, ba ka tambaya ba? Hajiya fa, wa ya gaya mata?"



"Ni ne. Ta zaunar da ni tana cewa in Allah Ya kawo namiji sunan Baba za a sa. Ta fito da hularsa da ta ajiye wa jikan. Na kasa riƙe kaina, na fashe da kuka. Ta tsare ni sai da na faɗa. Na roƙe ta ta rufa mini asiri."

"Ita ka iya faɗa wa. Alhaji Uwaisu ya sani. Masu sayen turare sun sani. Duk Nombakélé an san abin da ke cikin cikina, ban da ni. Har na tsaya gaban mahaifiyarka na rantse da Allah, na kira ka shaida."

Ya matso, ya durƙusa a cikin caɓin ba tare da ya damu da direbobin da ke kallo ba.

"Ki yafe mini. Ni ban fasa ba, Ikilima. Ko Hajiya ta yarda ko ba ta yarda ba, zan je in samu kawuna a ɗaura. Ban damu da haihuwa ba, ke nake so. Ban taɓa son wata ba, kin sani."

"Na sani. Shi ya sa abin ya fi ciwo. Da maƙiyi ne ya yi mini, da na san inda zan ajiye shi."

"To me kike so in yi? Faɗi ko mene ne."

Ta share fuskarta da gefen mayafi, ta dube shi sosai.

"Ka tambaye ni. Tambayar da aka ba ka ka kawo mini shekara biyu da suka wuce. Yi mini ita yanzu."

Ya ce, "Ikilima... a cire duka, ko a bar miki mahaifarki?"

"Ban sani ba," ta ce. "Ka ji amsar. Wataƙila da na yi kuka kwana uku, na yi istihara, na shawarci Inna, in dawo in ce a cire, ina son raina. Wataƙila abin da ka zaɓa shi zan zaɓa. Da yanzu ƙaddarata ce, na rungume ta da hannuna, na shiga gidanka kaina a sama. Amma ba zan taɓa sani ba. Kai ma ba za ka taɓa sani ba."

"Ikilima..."

"Ba don Hajiya ba, ba don haihuwa ba. Ba zan iya zama da mutumin da in ya ce mini komai lafiya sai na nemi wani ya fassara mini ba. Ka turo a kwashi kayanku."

Ta juya. Yana kiran sunanta har muryarsa ta dushe cikin ƙarar motoci, ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya ba za ta iya tafiya ba.

Ana kiran la'asar ta isa gida. Inna na zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, ta ɗago ta ga hannunta babu turare, ga idanu sun kumbura.

"Ina kika shiga tun safe? Abdulrauf ya kira ni har sau uku yana kuka, na kasa gane abin da yake faɗa. Ko Hajiyar ce ta sauko?"

Ikilima ta cire mayafinta. Ta karɓi farantin daga hannun mahaifiyarta ta ajiye gefe, ta zauna a ƙasa ta riƙe hannayenta biyu.

"Inna, daga asibiti nake. Akwai abin da zan faɗa miki, mai nauyi ne. Zan faɗa a hankali, in ba ki gane ba ki tsayar da ni. Amma duka zan faɗa."